Zaman Abdulbaƙi a Bahar

Assalamu alaikum 'yan'uwa, sannunku da haƙurin karatu. Maganar da zan yi yau shekara ashirin da 'yan kai ina haɗiye ta, Ummata ma har ta koma ga Allah ba ta ji ta daga bakina ba. Ba don ku tausaya min na ɗauko ta ba. Na san idan kuka kai ƙarshe wasunku za su ce matar nan ba ta da imani, kuma ba zan yi musu da ku ba.

Sunana Sa'adiyya, 'yar Malam Jibrin mai littattafai, gidanmu yana Sheshe cikin birni. Abin ya faru ne shekara uku bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da fostar 'yan takara ta cinye bangon kowa, Baba ya yayyage da safe, kafin la'asar an sake manna masa wata fuskar. Wayar hannu kuma shigowarta ke nan. A duk lungunmu mutum uku ne ke da ita, ni ce ta ukun, ni malamar firamare da ko takalmi sai na yi shawara kafin in saya. Abdulbaƙi ne ya aiko min da ita.

Abdulbaƙi ɗan Jakara ne, bakaniken babur, baƙi dogo mai wushirya, wanda idan ya fara ba da labari sai tuwo ya huce a gabansa. Yayansa Ilu yana sayar da kayan ƙamshi a kasuwar Kurmi, shi ya haɗa shi da wani Alhaji suka tafi Zanzibar saro kanumfari, wai wata biyu. Can ya tarar da babur ɗin ruwa ya mutu a wani masaukin baƙi da ke kan ɗan tsibiri, masu wurin sun kewaye shi sun yi jugum. Hannu ya yi masa ƙaiƙayi, ya buɗe injin, ya tashe shi. Daga ranar ba su sake shi ba. Daga gyara ya zama shi ke ja wa baƙi gaba a ruwa, mutumin da iyakar tekun da ya sani kududdufin bayan gidansu ne, shi ma da tsumagiyar Innarsa a bayansa ya koyi iyon.

Aikin nan har na haddace shi saboda yawan labari. Ya ce duwatsun murjani ne suka zagaye tsibirin suka raba shi da babban teku, sai ruwan ciki ya kwanta, garai-garai, kana kan babur kana ganin yashin ƙasa. Da hantsi zai jera baƙi a kan babura, yawanci Turawa, shi a gaba su a baya, su zagaye tsibirin. Idan sun kai inda kifi ke taruwa sai a kashe inji, kowa ya sa gilashin fuska, ya ciji wani bututu da kansa ke leƙowa sama, ya kifa ciki a kan ruwa yana kallon kifi yana numfashi abinsa. Da ya aiko hoton kansa cikin wannan shiga, Umma ta juya shi sama ta juya shi ƙasa ta ce, "Ke kuwa Sa'a, wannan abin za ki aura?"

Shi zan aura kuwa. An sa rana, an kawo lefe akwati shida, suna jere a ɗakin Umma an lulluɓe su da zanen gado. Ban da atamfa da leshi har da wasu zannuwan can masu rubutu a baki, idan aka buɗe akwatin ƙamshin kanumfari sai ya kai tsakar gida. Kullum bayan la'asar nakan hau soro in tsaya kusa da indararo in ɗaga waya sama, don a nan kaɗai ake samun sabis a gidanmu, saƙonsa ya shigo, in sauko ina murmushi Umma tana hararata. Saura mako biyu ya dawo, saura wata biyu ɗaurin aure.

Ranar wata Lahadi na hau soro, saƙo ya shigo daga lambarsa, amma ba Hausa ba, ba Turanci ba. Ga shi nan yadda yake, har yau ban manta ko harafi ɗaya ba:

"Dada pole sana. Abdul amezama baharini jana. Hatujampata."

Na kira, ba ta shiga. Na sake kira har hannuna ya gaji. Da Baba ya dawo daga kasuwa na nuna masa, ya aika aka kirawo Ilu. A zaure suka zauna, ni ina bayan ƙyaure. Ilu ya kwafi saƙon a takarda, ya sa tabarau, ya bi shi da yatsa, ya daɗe. Shi dai a ganinsa duk wanda ya shekara ashirin yana ciniki da Buzaye da Barebari ba yaren da zai gagare shi.

"Malam, ai abin a fili yake," in ji shi. "Duba nan. Dada, wato uwa, kamar yadda Fulani ke cewa. Da Inna ake. Ga sunansa, Abdul. Ga zama nan ɓaro-ɓaro. Ga bahar. Me ya rage? Cewa ake Abdul zama zai yi a bahar, kada a jira shi."

"To me ya hana shi rubutowa da Hausa?" in ji Baba.

"Kunya mana. Ba shi ya rubuta ba. Mace ce. Wallahi Malam ko kaffara ba zan yi ba, yaron nan aure ya yi a can."

Na faɗo zauren ba mayafi na ce ƙarya ne. Baba ya dube ni sau ɗaya, na koma da baya. Suka yanke shawara a bar maganar a cikin gida, don abin kunya ne ga gidaje biyu, kada a kai takardar wurin kowa.

Kwana uku ban ci abin kirki ba, ban kuma hau soro ba. A rana ta huɗu ina kwance a ƙuryar ɗaki, ruwan sama na zuba, wayar tana ƙarƙashin filo, sai na ji ƙit-ƙit. Ku tuna, a ɗakin nan ko sandar sabis ɗaya ba a taɓa samu ba. Amma lokacin ban tsaya wannan tunanin ba. Na fizgo ta. Lambarsa ce, kuma da Hausa, har da sunan da shi kaɗai yake kirana:

"Sa'ata, ruwan ya yi shiru yau."

Na yi kuka, na yi dariya, na fita da gudu ba takalmi na nuna wa Umma. Na rubuta masa: Wace ce ta turo min yare? Yaushe za ka dawo? Bai amsa ba. Washegari bayan la'asar wani ya shigo: "Ina ganin cikin kwale-kwale yana wucewa ta samana." Kashegarin wannan kuma: "Kifayen sun saba da ni, sun daina gudu." Ni kuwa sakarya sai na ɗauka soyayya ce, aikinsa yake ba ni labari kamar yadda ya saba. Kullum saƙo ɗaya, kullum bayan an idar da la'asar, ko ina ɗaki ko ina madafi. Tambayata ko ɗaya bai taɓa amsawa ba, idan na kira kuma ba ta shiga.

Saƙonnin nan su suka ƙarasa shi a wurin manya. Baba ya karanta biyu ya miƙo min wayar ya ce, "Mutumin da ake tambaya yaushe zai dawo yana ba da labarin kifi ai ya gama ba da amsa." Da labari ya kai Jakara wurin mahaifiyarsa, Inna Uwani, sai abin ya fi ci mata rai. Ashe yana da bakin yi wa budurwa hira, ita da ta haife shi sai dai ya sa wata ta turo mata yare? Aka ce ta cire hotonsa daga bango, ta ce kada wanda ya ƙara ambaton sunansa a gidanta, ta kuma faɗi kalmar da uwa ba ta faɗa da wasa. Ta ce ba ta yafe ba.

A gidanmu kuwa na zama abin kallo. Umma ta bi ni da lallashi, ta bi ni da faɗa. "Shekararki ashirin da huɗu, ga aikinki, ga manema na zarya. Waya za ki aura?" Ni dai amsata ɗaya, bai ce ya fasa ba, ni ma ban fasa ba. Ina sonsa, 'yan'uwa, son da ko yanzu da nake rubutu idona ya kawo ruwa.

Amma akwai abubuwan da ban gaya wa kowa ba. Wata rana aka kwana biyu ba wuta, batir ya mutu murus, na jefa wayar cikin durowa. La'asar na yi ta yi ƙit-ƙit, fuskarta ta kawo koren haskenta, saƙo ya shigo, ta sake mutuwa. Sannan ta cikin gilashin akwai wani gumi da ba ya gogewa, na ce damina ce. Rannan na taɓa maɓallan na kai yatsa baki ba da niyya ba, na ji gishiri, na ce zufar hannuna ce. Komai sai na samo masa dalili. Saƙon da ya hana ni sukuni shi ne wanda ya ce, "Sa'ata, ina jin kiran salla daga nesa, amma ban san ina gabas take ba." Na rubuta masa, ka tambayi mutane mana. Ina turawa tsigar jikina ta tashi, ban san dalili ba.

Ranar Laraba Baba ya kira ni ɗakinsa. Bai ɗaga murya ba, Baba ba ya ɗaga murya.

"Na ba shi kwana arba'in saura kaɗan, don darajar mahaifiyarsa. Ranar Asabar mata za su mayar da lefe Jakara. Wayar ma a sa ta a ciki."

"Baba, wayar..."

"Ba tasa ba ce?"

Na ce tasa ce. A raina na ce sai dai a sa ni a akwatin tare da ita.

Ranar Juma'a na taso daga makaranta da wuri, ina sanye da atamfa ruwan goro da farin mayafi da ya sha taɓo a gefe, don an kwana ana ruwa, lungu duk ya jiƙe. A bakin lungunmu akwai dakalin Baba Nata'ala, tsohon soja da ya ajiye kaki tun ba a haife ni ba. Kullum yana nan da rediyonsa, yana zagin 'yan siyasa yana zagin sojoji, ba wanda ya bari. Ina zuwa daidai shi wani ɗan acaɓa ya shararo da gudu ya watsa masa ruwan kwata, tsohon ya ɗaga sanda ya daka masa tsawa, "Kai! Pole pole, ɗan banza!"

Na tsaya cak. Pole. Kalmar tana cikin saƙon.

Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, wannan wane yare ne ka yi?"

"Yaren mutanen Tanzaniya ne, 'yar Malam. A hankali, a hankali, shi nake ce masa. An kai mu can aiki ina saurayi, wata shida muka yi a bakin teku. Da sauran abin da ya maƙale a kaina."

Mahaifina ya hana a kai maganar waje, na sani. Amma hannuna ya riga ni. Na buɗe jaka na nemo saƙon farko na miƙa masa. Ya rage muryar rediyo, ya nesanta wayar da idonsa, yana motsa leɓe. Sai na ga ya kashe rediyon gaba ɗaya.

"Wane ne Abdul?"

"Wanda zan aura. Yayansa ya ce wai cewa aka yi zama zai yi a can."

Ya sake bin saƙon da ido. Sannan ya ce, "Mu ma haka muka yi. Ranar farko da aka sa mu a jirgin ruwa muna tsaitsaye, matuƙin yana ta ihu, zama, zama. Muka zazzauna, ya yi shiru, muka ce ashe yaren nan Hausa ce. Sai ranar da wani lebura ya faɗa ruwa a tashar jirgi, mata suka ɗora hannu a ka suna amezama, amezama, sannan muka gane. Matuƙin nan cewa yake za mu nutse."

Na dafa dakalin.

"Dada ba uwa ba ce a wurinsu, 'yar'uwa ce, da ke ake. Pole sana, sannu ce irin ta ta'aziyya. Abdul ya nutse a teku jiya. Na ƙarshen nan, ba mu same shi ba." Ya miƙo min wayar da hannu biyu. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe aka turo?"

"Yau kwana arba'in da ɗaya da jiyan da suke faɗa."

"Ba a yi masa salla ba?"

"Ba wanda ya san ya mutu. Mahaifiyarsa ma fushi take da shi. Baba, ai bai mutu ba, jiya ma ya turo min saƙo. Duba."

Na buɗe masa su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu da nake karanta su da ƙarfi a gaban mutum, na ji abin da suke faɗa tun farko. Kwale-kwale ta samansa. Kifin da ya daina gudu. Na ce ko wani abokin aikinsa ne ke riƙe da wayar yana min wasa. Baba Nata'ala ya tambaye ni ko akwai Bahaushe a tsibirin ban da shi. Babu, shi da bakinsa ya sha gaya min kewar Hausa har ciwo take sa masa. Na sake miƙa wayar, tsohon ya janye hannunsa ya sa a aljihu.

"Ni ba malami ba ne, 'yar Malam, kada ki ce na ce. Amma na binne mutane, na kuma baro waɗanda ban samu binnewa ba. Wanda ba a sallata ba, ga fushin uwa a kansa, ban ga yadda zai kwanta ba. A yi masa salla daga nan, a yi sadaka, tsohuwar ta yafe masa. Wannan abin na hannunki zai daina kuka, shi ma ya huta. Ki je ki gaya wa Malam, ko ni in je."

Na ce a'a, mahaifiyarsa ce ta fi cancanta ta fara ji, kuma daga bakina. Na roƙe shi ya rufa min asiri zuwa gobe. Ya ce Allah ya ba ni ƙarfin hali.

Ban shiga gida ba. Na bi ta bayan Kurmi, masallata na ta wucewa da darduma a kafaɗa, ban ga fuskar kowa ba. Abu biyu ke faɗa a ƙirjina. Na farko, bai yaudare ni ba, bai auri kowa ba, ni ce mai gaskiya duk kwanakin nan, kuma gaskiyar tawa ba ta da amfanin komai. Na biyu maganar tsohon ce. Zai daina kuka. Ko lefe ya tafi gobe, ban damu ba, wayar na riga na shirya inda zan ɓoye ta. Amma idan na faɗa, la'asar za ta yi ta wuce kamar ta kowa. Ba kabari, ba gawa, ba ko rigarsa. Layi ɗaya a rana shi ne duk abin da ya rage min na Abdulbaƙi.

Na zauna a wani zaure da ban san na wa ba ne har rana ta karkata, sannan na ƙarasa Jakara. Tun da aka sa mana rana ban taka gidansu ba saboda kunya. Na yi sallama. Inna Uwani tana tsakar gida a kan tabarma, tana tsince kanumfari a faifai. Ta rame ƙwarai, ɗankwalinta ya zame, furfura a waje. A bango ga ƙusa da tabon inda hoton yake da.

"Wa nake gani kamar Sa'adiyya? Shigo, 'yata, shigo. Ke ce da kanki?"

Na durƙusa nesa da tabarmar, ta jawo ni kusa. Hannunta na ƙamshin gidanmu, ƙamshin akwatunan nan.

"An gaya min gobe za a dawo da kaya. Ban ga laifin Malam ba. Ke ce za ki yafe mana, mun ɓata miki lokaci." Ta ture faifan gefe. "Ni dai na gama da shi. Kullum na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai zuciyata ta ƙi. Ya zauna can ɗin, tunda zaman ya zaɓa. Amma da zai turo ko kalma ɗaya ya ce Inna ki yi haƙuri, wallahi a take zan yafe. Uwa ce ni."

Ga ƙofa ta buɗe min da kanta. Kalma biyu kawai zan faɗa. Na buɗe baki, masallacin unguwar ya kira la'asar, na ji nauyin jakata a kan cinyata.

"Lafiya dai ko? Na ga idonki ya yi ja. Wani abu ne ya kawo ki?"

Na ce, "Ba komai, Inna. Gaishe ki kawai na zo yi."

Ta sa min albarka. Ta ƙulle min kanumfari a leda ta ce in kai wa Umma. Ta rako ni har bakin zaure tana cewa Allah ya ba ni wanda ya fi ɗanta, ni kuma ina cewa amin.

Ban kai ƙarshen lungun ba jakata ta yi ƙit-ƙit. Na jingina da bangon wani gida, kwata na gudu ta gefen ƙafata, na ciro wayar. Gumin cikin gilashin ya taru har yana gangarowa.

"Sa'ata, na ji muryar Inna. Me ya sa kika yi shiru?"

Na rubuta masa, gobe zan faɗa. Na san ƙarya nake tun kafin in tura. Ban ko mayar da wayar jaka ba ta sake yin ƙara, karon farko da saƙo biyu suka shigo a rana ɗaya.

"To. Amma da sanyi a nan."